Layin da Ya Cinye Sunan Gwaggona

Sunan gwaggona ya ɓace daga listar masu karɓar iri har sau biyu. Na biyun ya faru saura kwana huɗu a loda kamiyo, babbar motar kai iri, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas. Ni ke riƙe da manhajar da ke fitar da listar, wadda 'yan lekwal, wato masu boko, ke ce wa lojisiyel. Saboda haka ni ta zo nema.

Ta iske ni a biro, wato ofishin ƙungiyar manoma, nan Dogon Dutsi, da hantsi. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya bakin ƙofa da sandarta. Daga ƙauyensu na bayan Matankari ta taho, rabin hanya a amalanke, rabi a ƙasa.

"Kai, yaro."

Na haura arba'in, gemuna ya fara furfura. Na tashi na rusuna.

"Gwaggo, sannu da hanya. Shigo inuwa."

"Inuwarka ta ishe ka. An karanta lista gaban mai gari, kowa ya ji sunanshi, har wanda bai da ko jaki. Ni ba a kira ni ba. Watan jiya haka, yau haka. Mi na yi maka?"

"Ba ni ba ne, gwaggo. Injin ne."

"Injin wa?"



Mai gadin biron dattijo ne mai son raha. Daga kan bencinsa ya ce, "Inna, ƙila doguwa ce ta shiga akwatin, tana lashe sunaye."

"Doguwar ga gemu gare ta," in ji gwaggo, idonta a kaina. "Kuma na san ubanta."

Akwai abin da ke tsakaninmu. Ita ce babbar yayar babana. Shekarun da na yi a Libiya babana ya rasu, 'ya'yanta suka ci gaba da noman gonarsa ta gefen fadama. Na dawo ba ni da komai sai jaka da tabo a kafaɗa. Na je na yi magana, maganar ba ta yi daɗi ba. Na faɗi abin da ba a faɗa wa babba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma sai wurin suna ko rasuwa. To ga shi yanzu sunanta na ɓacewa a injin da ke hannuna. Da ni ne ita, abin da zan ce ke nan.

Irin kuma ba abin wasa ba ne. Bara hatsinta bai yi ba. Ɗan abin da ta ware na shuka, tun tsakiyar rani suka daka shi suka ci. Irin ƙungiya mai saurin nuna ne, shi kowa ke jira. Wanda ba ya cikin lista, kamiyo zai wuce shi. In kamiyo ya wuce ka ruwa ya sauka, sai ka tsaya kana kallon maƙwabta suna shuka.

Ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ji sunanta da kunnenta. Ta sauka gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari. Kullum da safe ta zo ta zauna gindin itacen bedin ƙofar biro, inda in na ɗaga kai daga allon injin sai na gan ta.

Ban yi lekwal ba, ko na kwana ɗaya. Baƙaƙen boko a waya na koye su, can Libiya, don in iya aika saƙo gida. Da na dawo na sami aikin shara da ɗaukar buhu a ƙungiyar. Wani mushe ne, yadda muke kiran malaman boko, ya rubuta manhajar, malamin lissafi ne da ke taimakon ƙungiyar bayan ya tashi aiki. Shekara biyu ina zama bayansa a kan buhu ina kallo. Bai taɓa kora ta ba. In ya yi kuskure jan rubutu ya fito, sai ya ce, "Zo ka ga yadda take zagi." Daga baya ya fara ba ni in gwada. Ranar da aka mai da shi Yamai ya bar mini komai. Ya ce kada in taɓa ta sai na kwafe na ajiye. Ya kuma ce kada in yarda na gyara ciwon da ban iya sa shi ya sake tashi a gabana ba, don wanda ya yi haka rufe shi ya yi da zane.

Faransancina na kasuwa ne, Turanci ko kaɗan. Jan rubutun da siffarsa nake gane shi, kamar yadda ake gane mutum daga nesa da tafiyarsa. Wanda ban sani ba, in ɗauke shi hoto in nema a waya. Haka na yi shekara huɗu. Ta taɓa ƙin buɗewa don wani ya canza wa fayil wurin zama, na gyara. Ta taɓa faɗuwa don an bar gurbin shekarun haihuwa babu komai, na gyara. Ni da ita mun saba.

Wannan karon babu jan rubutu. Ba ta faɗi ba, ba ta yi zagi ba. Ta fitar da lista tsaf, babu gwaggo. Irin wannan shi ne mugun.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya shigo da azahar ya ga tsohuwa a gindin bedi, ya ji labari.

"Ka rubuta sunanta mana ka huta. Minti nawa ne?"

"Na rubuta watan jiya, Alhaji. Ina yake?"

"To ka sake."

"Sai na san abin da ke cinye shi."

"Kwana huɗu gare ka. Direba ba ya jiran bincike."

Yadda aikin yake, inji huɗu ne. Babban yana Dogon Dutsi. Sauran uku suna Matankari, Gesheme da Sukukutane. Ba su haɗe da juna ba. Kowane wuri akwai mai buga sunayen mutanensa, ya zuba a kile, ɗan abin nan da ake cusa wa inji a ɗauki rubutu, a ba mai moto, wato mai babur, ya kawo. Ni kuma in zuba su cikin babban, in fitar da lista ƙauye-ƙauye.

Ranar farko a banza ta tafi. Na nemi sunanta a babban inji, mata suka cika allo. Sunan na kowa ne, ko wane gida akwai mai shi, rabinsu kuma ɗaya ga watan ɗaya aka rubuta musu ranar haihuwa. Na duba na ƙauyenta kaɗai, babu ita. Na zargi wuta, don ta ɗauke mana sau biyu a satin, na ce ko ta yanke ana cikin ajiya. Na duba fayil, lafiya lau. Na zargi agogon injin, don ɗan batirinsa ya taɓa mutuwa ya mai da mu shekarun baya. Agogo daidai. Na zargi kile, na wanke shi daga cuta, babu komai. Na tashi na zauna, na fita na dawo. Abincin rana na nan a kwano har ƙuda suka gaji.

Sai na zargi mutum. Wannan ya fi sauƙi.

Kashegari da sassafe na hau moto zuwa Matankari. Mai buga sunaye a can wata madam ce, ta yi lekwal har ta gama, bakinta kuma ba ya ajiye magana.

"A'a, injiniyan buhu da kanshi! Lafiya?"

"Madam, kina danna ajiya kuwa in kin gama bugawa?"

"Ashe faɗa ka kawo. Zauna. Wa ya ɓace?"

Na faɗa mata. Ta buga, ta juyo mini da allon.

"Wala. Ga tsohuwarka, ga ƙauyenta, ga lambar takardar haihuwarta. Tun wata uku tana nan, ba ta motsa ba. A wurina ba ta ɓata. Sai ta je birni wurinku take lalacewa, kamar 'yan lekwal."

Na duba da idona. Tana nan. Na kwafi komai a sabon kile, na rubuta lambar takardar a tafin hannuna.

"Ba ka ce in yi haƙuri ba," in ji madam.

"Yi haƙuri."

"Kai, ko kuɗi ake biya kan kalma ba ka yi rowa haka ba."

A hanyar dawowa iska ta taso mai sanyi, mai warin ƙasa. Na ga mutane a gona suna gyaran sungumi. Na ƙara wa moto wuta. Da na iso, gwaggo na gindin bedi tana tsinke zogale a faifai. Ba ta ɗago ba.

"An gano doguwar?"

"Saura kaɗan."

"Ruwa ma saura kaɗan."

Rana ta uku na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kwafe komai na ajiye gefe. Na buɗe manhajar babu kowa a cikinta, fanko. Na ƙara mata 'yan layuka don duk inda ta taka ta bar mini alama a gefe, in ga sawunta. Sannan na fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, yadda suka saba zuwa.

Na Matankari ke fara isowa kullum, don kusa ne. Na zuba. Na duba ƙauyen gwaggo, tana nan.

Na zuba na Gesheme. Tana nan.

Na Sukukutane shi ke zuwa ƙarshe, hanyar rairayi ce, mai moto sai ya ga dama. Na zuba. Na duba. Babu ita.

Na goge komai na sake daga farko, don kada idona ne. Haka ta sake yi. A karo na uku ma haka. Ciwo ya tashi a gabana. Ban ji daɗi ba, amma numfashina ya sauka.

Mutanen Sukukutane ɗaruruwa ne. Na raba su biyu, na zuba rabin farko. Gwaggo na nan. Na zuba na biyu, ta tafi. Na raba wannan rabin biyu. Na sake rabawa. Haka na yi ta yi, mai gadi na leƙowa yana tambaya ko in kawo masa shayi ko ya kawo mini. Kafin azahar saura mutum ɗaya. In na zuba shi gwaggo ta ɓace, in na cire shi ta zauna.

Mace ce. Sunanta sunan gwaggo. Sunan ubanta sunan kakana. Na buɗe tafin hannuna, tawadar ta fara gogewa da zufa, amma lambar ta karantu. Ita ce. Ƙauyen kawai ya bambanta. Na san ƙauyen. Can aka kai ƙanwar gwaggo aure tun ban san kaina ba. Mu da wani suna daban muke kiranta, ban taɓa jin an kira ta da wannan ba.

Na bi alamar da manhajar ta bari, ta kai ni wurin da abin ke faruwa. Layi huɗu ne. In aka mai da su Hausa cewa suke: in lambar takardar nan tana ciki, goge tsohon, sa sabon. Ba su ce a tambayi kowa ba.

Ba rubutun mushe ba ne. Shi yana barin bayani a saman duk abin da ya rubuta. Wannan babu bayani. Nawa ne.

Bara na rubuta shi. Lokacin an kama wasu sun yi rajista sau biyu, a ƙauyensu da ƙauyen surukai, Alhaji ya yi ta faɗa. Na zauna na yi tunani na ce ai lamba ba ta ƙarya, mutum ɗaya lamba ɗaya. Na sa layukan, lista ta ragu, aka yaba mini. Har tsire Alhaji ya saya mini ranar.

Na kuma gane wani abu. Watan jiya da na sake buga sunan gwaggo da hannuna, ƙanwarta na goge ban sani ba. Da kilen Sukukutane ya sake zuwa, ita ta goge yayarta. Da na bi maganar Alhaji na rubuta na huta, da gwaggo ta sami iri, ƙanwarta ta rasa, babu mai sani.

Na fita. Rana ta take, inuwar bedin ta tattare. Na tsuguna gabanta.

"Gwaggo, takardarki ta haihuwa. Wa ke da irinta?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa.

"Ni da ƙaramar mana."

"Takarda guda?"

"Guda baba ya amso muna. Ranar da masu rubutu sunka zo, layi ya yi tsawo, shi ko ya bar shanu bakin rijiya. Da ya kai gaba ya ba da sunana, ya ce guda ta ishi ɗiya mata biyu, ina za su? In ta tashi zuwa likita sai ta aiko a kai mata. In ni na tashi, in aika. Cikin gwangwanin madara take tafiya, masu zuwa kasuwa ka kai ta. Da hoton takarda ya shigo, munka yi, kowa ya riƙe tashi. Mi ya faru?"

Na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce injin yana ganin su biyu mutum ɗaya ne, duk wadda ta zo daga baya ta danne ta farko. Na ce ni na koya masa haka.

"To. Ashe kai ne."

"Ni ne. Ban san ke ce ba."

"Da ka san ni ce fa?"

Ta ajiye faifan.

"Kai, yaro. Da takardar wa ka tafi Libiya?"

Ta yayana ce. Ƙyanda ta kashe shi kafin a haife ni. Takardarsa na cikin akwatin inna, da na tashi tafiya aka ba ni. Da ita aka yi mini katin ɗan ƙasa, da ita na ƙetare kowane shinge. Har yau a takarda na girmi kaina da shekara uku, sunan da ke jiki kuma ba shi aka raɗa mini ba. Wannan takardar tana aljihuna ranar da na zauna na rubuta cewa lamba ba ta ƙarya.

"Ka ga," ta ce. Ta ɗauki faifanta.

Na koma ciki. Na sa manhajar ta lissafo mini duk inda layukan nan suka taɓa goge wani. Sun fi talatin a bana kaɗai. Wasu mutum ɗaya ne da gaske, ya rubuta kansa sau biyu. Amma da yawa ƙauye daban, girman gona daban, yawan iyali daban. Wa da ƙane. Ya da ƙanwa. Na buɗe ajiyar bara, na ga nan ma akwai. Waɗannan ba su zo gindin bedi ba. An karanta lista ba su ji sunansu ba, suka ce rabo ne, suka koma gida.

Na kira Alhaji. Ya zo yana share zufa. Na nuna masa.

"Wannan ai maguɗi ne," ya ce. "Masu ba mu irin lamba suke dubawa. Lamba guda, buhu guda."

"Gona biyu ce, Alhaji. Tsakaninsu tafiyar yini."

"Ni ban ce su yi tarayya a takarda ba."

"Su ma ba su ce ba. Ubansu ne, ya mutu."

"Gobe za a loda."

"In ka ce in fitar da wannan listar, zan fitar. Amma kai za ka fita ka karanta mata."

Ya leƙa ta taga. Gwaggo ta ɗago ta dube shi. Ya saki labulen.

"Kwana nawa kake so?"

"Biyu."

"In ruwa ya sauka, kai za su zaga."

"Na saba."

Ya yarda a kan sharaɗi. Duk inda lamba ta haɗu, sai mai garin kowane ya shaida cewa mutumin na nan da ransa da gonarsa. Wanda aka shaida, a ɗebar masa daga buhunan da aka ajiye don maimaicin shuka.

Gyaran kansa bai kai yini ba. Na cire layukan huɗu. Na sa manhajar ta riƙa ba kowa lambarta ta kanta, wadda ba ta da alaƙa da takarda. In lambar takarda ta haɗu da wata, kada ta goge kowa. Ta tsaya, ta nuna su biyun gefe da gefe, ta tambaya: mutum ɗaya ne ko biyu?

Gwajin farko ta sandare. Na danna ko'ina, shiru. Na ce shi ke nan, na kashe ta.  Na kashe na kunna, ta sake sandarewa a wuri guda. Sai da na ja babbar tagar gefe na ga ƙaramar, mai tambayar, a ɓoye a bayanta tana jira a amsa. Ba ta mutu ba, tambaya take ba wanda ya gan ta. Layi ɗaya ya fito da ita gaba.

Abin da ya ci lokaci shi ne masu gari. Waya ɗaya bayan ɗaya. Na wajen Sukukutane sai sun hau tudu suke samun layi. Wani na gona, wani ya tafi jana'iza, wani ya ɗauka 'yan haraji ne ya ce bai san kowa ba. Madam ta ɗauki na yankinta ta yi cikin rabin yini, ta kira ni don kawai ta ce ta riga ni. Mai garin ƙauyen ƙaramar gwaggo ya yi dariya da na tambaye shi. Ya ce, "Tana nan, jiya ma ta zage ni."

Ranar da ya kamata kamiyo ya tashi, bai tashi ba. Kashegari da la'asar sama ta yi baƙi. Ina tsaye bakin ƙofa da waya a kunne ɗigon farko ya faɗo mini a hannu. Aka yi ruwa mai yawa, na shuka sosai. Buhunan iri na cikin magaza, ɗakin ajiya, a jere. Direba ya zauna ƙarƙashin kamiyonsa yana kallona. Mai gadi ma bai yi raha ba.

Gwaggo ba ta jira a karanta mata suna ba. Da ruwan ya tsagaita ta nemi amalanke ta tafi.

Da safe na fitar da lista. Na duba ƙauyen bayan Matankari, tana nan. Na duba na wajen Sukukutane, ƙanwarta na nan. Aka loda. An zage ni, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Wani a tasha ya ce injiniyan buhu ya sa mutane sun rasa yinin farko na laima. Gaskiya ya faɗa. Waɗanda ke ƙarshen hanya sai da suka rasa biyu.

Nata ban jira kamiyo ba. Na sa hannu na ɗauka, na ɗaure a bayan moto. Na iske ta a gonar gefen fadama, ita da matan 'ya'yanta, sun share sun zauna. Ƙasa na da laima har yanzu. Na sauke buhun gabanta. Ta kwance bakin, ta cusa hannu, ta ɗebo ta shinshina.

"Ƙaramar fa?"

"Nata na cikin kamiyo."

"Ka tabbata, ko injin ya ce?"

"Na gani da idona."

Ba ta yi godiya ba. Ta miƙo mini sungumi.

"Tunda ka zo, kama. Ko boko ya kashe maka hannu?"

Na kama. Ina sara tana bina tana zuba iri tana rufewa da diddige. Shekara ashirin rabona da taka gonar. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da azahar ta ba ni fura a ƙwarya, na sha, na hau moto.

Sati biyu na yi ina zagaya sauran injunan da kile, ina sa musu sabuwar manhajar, don tsohuwar ba ta gane sabuwar lamba. Na Gesheme ya ƙi karɓa sai da na koma sau biyu. A saman gyaran na bar bayani da Hausa, yadda mushe ke yi, don wanda zai zo bayana.

Mutanen bara ba ni da abin ba su. Na rubuta sunayensu a takarda, tana aljihuna tare da ta yayana. Na je wurin uku daga ciki. Ɗaya ya ce Allah ya riga ya rubuta. Ɗaya ya tafi ci-rani tun lokacin bai dawo ba. Na ukun ya saurare ni har na gama, ya tashi ya shiga gida. Sauran ban je ba tukuna.

Ƙaramar gwaggo har yau ba ta da takardarta. An ce in masu rubutu sun sake fitowa ƙauyuka za a yi mata. Babbar kuma duk inda aka taru tana faɗa cewa ni na cire ta daga lista. Ba na musu.

Yanzu ina nan Dogon Dutsi, a biron ƙungiya, kujera guda da inji guda. Jakar da na dawo da ita daga Libiya na rataye bayan ƙofa, ban kwance ta duka ba. An fara rajistar bana. In kile ya zo na zuba, manhajar takan tsaya ta tambaye ni ko mutum ɗaya ne ko biyu. Ba na amsawa daga kujera. Ina ɗaukar waya, in waya ta ƙi in hau moto.